Auna Arzikin Birnin Katsina: Wace Hanya Ce Ta Cancanci A Biya Kuɗinta?

Duk ofishin da ke shirin fitar da sabon tsarin gari, ko yake son sanin inda ya kamata a faɗaɗa titi, a gina tasha ko a ƙara kasuwa a birnin Katsina, sai ya yi karo da tambaya guda mai wuya: nawa ne darajar abin da birnin ke samarwa a shekara, kuma a waɗanne unguwanni ake samar da shi? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman GDP, wato jimillar darajar abin da ƙasa ke samarwa, na Najeriya baki ɗaya duk bayan wata uku, amma mai tsara gari yana buƙatar adadin da ya sauko har Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa da Sabuwar Unguwa, kuma irin wannan adadi sai an ba da kwangilar nemo shi. Masu tallar wannan aiki sun yi yawa, kowa da hanyar da yake yabo, kuma farashinsu ya bambanta ƙwarai.

Hanya mafi araha ita ce a ɗauki GDP na ƙasa a raba da yawan jama'a, sannan a ninka da yawan mutanen birni. Wannan lissafi ne da ɗalibin sakandare zai yi cikin minti biyar, kuma ya dogara ga ƙidayar 2006, wadda ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8 kuma ba a sake wata ba tun daga lokacin. Haka kuma yana ɗora wa mai shago a Katsina rabon man fetur ɗin Neja Delta da ribar bankunan Legas. Bai cancanci a biya ko sisi a kansa ba.

Dogaro da kuɗin shigar da jiha ke tarawa ma bai fi wannan ba sosai, domin babban kason harajin yana fitowa ne daga albashin ma'aikata, alhali binciken Hukumar Ƙididdiga na 2023 ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba su da rajista. Abin da haraji ke nunawa shi ne ƙwazon mai karɓa.

Hanyar da ta fi ɗaukar ido a wajen gabatar da takardun neman kwangila ita ce ta hasken dare. Taurarin ɗan'adam na Amurka suna ɗaukar hoton duniya da daddare, kuma a 2012 masana tattalin arziki uku, Henderson da Storeygard da Weil, sun nuna cewa ƙaruwar haske tana tafiya tare da ƙaruwar arziki a tsakanin ƙasashe. Na'urar VIIRS, wadda aka harba a 2011, tana ba da hoto da kowane ɗigonsa ya kai kusan mita 500 a ƙasa. Ilimin na gaske ne, sai dai a Katsina hasken dare yana bin wutar lantarki da fitilun titi masu aiki da hasken rana. Idan aka kafa sababbin fitilu a wani titi, taswirar za ta ce arziki ya ƙaru a wurin ko da babu shagon da aka buɗe, kuma kasuwar da ke cika maƙil da rana ta watse da magariba za ta fito baƙi ƙirin. Ƙurar hunturu ma tana dusashe hoton. Amfaninsa na gaskiya shi ne nuna ta wane ɓangare gari ke miƙewa cikin shekara goma. Bayanan waya da na POS kuwa, waɗanda wasu ke auna ciniki da su, suna hannun kamfanoni, samunsu da wuya, kuma duk wanda ya tuna da katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar a 2021, ko ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ya san yadda irin waɗannan alƙaluma ke tsalle ba tare da ainihin ciniki ya yi irin wannan tsallen ba.

Wadda na fi amincewa da ita, kuma nake ba da shawarar a zuba kuɗi a kanta, ita ce ƙidayar sana'o'i ƙafa da ƙafa. Aikin hawa biyu ne. Da farko ana raba birni zuwa ƙananan yankuna a kan taswira, ma'aikata su bi layi-layi su rubuta kowace sana'a da inda take: shagon tireda, injin niƙa, garejin kanikawa, rumfar mai shayi, gidan bulo, makarantar kuɗi, kemis, mai cajin waya. Daga wannan jerin ne ake zaɓo wani kaso ta hanyar ƙuri'a, a zauna da masu su a tambaye su cinikinsu, kuɗin kayan da suka saya, haya, man janareta, da ladan yaran shago. Abin da ake nema shi ne darajar da kowace sana'a ta ƙara, wato ciniki bayan an cire kuɗin kayan da aka sayo aka yi aikin da su. Idan mai casar shinkafa ya sayi shanshera ya sayar wa ɗan kasuwa, shi kuma ya sayar wa mai abinci, haɗa cinikin ukun zai sa a ƙirga buhu ɗaya sau uku. Wanda bai iya bayyana wannan bambanci da bakinsa ba a wajen tantancewa, bai kamata ya wuce matakin farko ba.

Fifikon wannan hanya shi ne sakamakonta yana da adireshi. Mai tsara gari zai ga cewa wani layi da ba a kwalta ba yana ɗauke da sana'o'i fiye da wani babban titi, zai ga inda maƙera da kafintoci suka taru har suke buƙatar fili na kansu, zai kuma san yawan masu A Daidaita Sahu da ke ɗaukar kaya daga babbar kasuwa kafin ya yanke shawarar inda tasha za ta zauna. Ita kaɗai ce kuma ke iya shiga cikin gida. Wani babban kaso na arzikin Katsina da Daura yana bayan zaure, inda mata ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, daddawa, taliya, ɗinki da kitso, kuma babu tauraron ɗan'adam ko takardar haraji da ta san da su. Saboda haka dole ne a rubuta a kwangila cewa za a ɗauki mata masu ƙidaya da yawa, masu jin Hausa sosai, sannan a bi ta hannun masu unguwanni, sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a kafin a fara. A kuma raba aikin da hukumar haraji ƙarara, domin ɗan kasuwar da ya zaci haraji ake shirya masa zai rage rabin cinikinsa kafin ya buɗe baki.

Tana da tsada, kuma tana cin lokaci, musamman da yake zagaye ɗaya ba ya isa. Cinikin kaka daban yake da na tsakiyar damina, na azumi da jajibirin salla kuma ya fi kowanne. Garuruwan da ke kusa da iyaka suna da ƙarin dalili: rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun taɓa cinikin Jibiya da Mai'aduwa da Kongolam, kuma abin da ya taɓa su yana isowa kasuwannin Katsina da Daura. Dole rahoton ya faɗi watan da aka yi aikin da halin da iyaka ke ciki a lokacin. Haka nan a daidaita tun farko abin da ake nufi da birni, tun da gine-ginen Katsina sun riga sun tsallaka cikin Ƙaramar Hukumar Batagarawa, kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana can kan hanyar Dutsin-Ma. Wanda ya tsaya a iyakar ƙaramar hukuma zai bar sababbin unguwanni a waje.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne kauce wa algus, domin a wannan fage ya fi na kasuwar hatsi yawa. Na taɓa zama a kwamitin da ya karɓi rahoto mai kauri, mai bango mai sheƙi da taswirori masu launi, wanda da muka nemi a nuna mana takardun tambayoyin da aka cika sai aka ce kwamfutar ta lalace. Da muka bi lissafin baya, sai ga shi rabon GDP na ƙasa ne da yawan jama'a, an yi masa kwalliya. A wani shafi ma an manta ba a goge sunan wani birni na kudu ba. Tun daga nan ba na duba kyawun rahoto kafin na ga ɗanyen bayanan da aka gina shi a kai.

Dabarun masu wannan hali sanannu ne. Wasu suna sauko da hotunan VIIRS, ko taswirar gine-gine ta Google, ko taswirorin garuruwa da yawan jama'a na shirin GRID3, waɗanda duk kyauta ne a intanet, su sa musu farashi kamar su suka harba tauraron. Wasu suna cajin kuɗin manhaja alhali manhajojin tattara bayanai na kyauta irin su KoboToolbox da ODK suke amfani da su, ko Survey Solutions ta Bankin Duniya. Wasu suna haɗa alƙaluman da aka lissafa da ma'auni daban-daban: a 2014 Najeriya ta sauya shekarar ma'auni, wato shekarar da ake lissafin GDP da farashinta, daga 1990 zuwa 2010, GDP ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510 a takarda, kuma a 2025 an sake sauya ta zuwa 2019, don haka jadawalin da bai faɗi shekarar ma'auninsa ba, ko bai cire hauhawar farashi ba, yana iya nuna bunƙasar da ba ta faru ba. Mafi muni su ne masu ƙidayar da ke zama a gindin bishiya su cika fam hamsin da kansu. Ana gane su ta hanyar lambar GPS da lokacin da waya ke maƙala wa kowace hira: hira ashirin daga wuri ɗaya, kowacce cikin minti huɗu, ba ta buƙatar dogon bincike.

Saboda haka a rubuta a kwangila cewa ɗanyen bayanan mallakar ofishin da ya biya ne, za a miƙa su kullum tare da GPS, kuma ma'aikatan ofishin ko malaman jami'a masu zaman kansu za su koma su sake ziyartar wani kaso na shagunan ba tare da sanarwa ba. A nemi sunayen wuraren da kamfanin ya yi irin wannan aiki a baya, a kira su a waya. Kada a biya kaso na ƙarshe sai sakamakon komawar ya yi daidai da abin da aka rubuta, kuma a sa wannan kaso ya yi girman da kamfanin ba zai iya tafiya ya bar shi ba.