Harpic a banɗakin gidan haya, unguwar Nima, Accra

Mu ɗaki shida ne muke amfani da banɗaki ɗaya, ranar Asabar kuma wankin nawa ne. Da famfo ya ɗauke muka koma sayen ruwan burtsatse a galan Kufuor, wato jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, sai wani jan zobe ya fito a bakin ruwan masai. Na goge da Omo har kafaɗata ta gaji, ko gezau.

Maƙwabciyata ta ce, "Yaya, gwada Harpic mana." Na saya a kasuwar Nima. Wuyan robar a lanƙwashe yake, yana shiga ƙarƙashin leɓen masai inda buroshi ba ya kaiwa. Na zuba, na je na ɗora koko, na dawo na goge. Zoben ya tafi, zarnin ma haka. A wanki na biyu ne dai, ba na farko ba.

Wautata ɗaya: na ƙara Parazone a kai don ya fi haske. Wayyo! Tari, hawaye, sai waje. Ashe Harpic asid ne, Parazone bilic, haɗuwarsu iskar kulorin ce. Kar ki haɗa.

Tayil ɗin ƙasa kuwa, har yanzu sabulu da soso nake sa masa.