Shagon gyaran sabar da nake kai wa aiki a Wuse 2

Masu riƙe da sabar (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan aiki) a wani gari suna zaune a wani, ga inda nake kai matsalata. Ƙaramin shago ne a bene, kusa da Banex a Wuse 2, injiniya ɗaya da yaransa. Ni sabar kantin magungunanmu tana Jos, Dell PowerEdge R730 ce ta hannu, ni kuma aiki ya riƙe ni a Abuja. Duk ranar da ta ƙi amsawa, da sai dai a kama hanyar Keffi da Akwanga.

Abin da ya sa na yarda da su shi ne ba sa fara aiki da kame-kame. Tambayarsu ta farko kullum ita ce: Windows ɗin ne ya ƙi, ko iDRAC? Bambancin babba ne. Remote Desktop, hanyar shiga Windows daga nesa, yana bi ta ƙofa 3389 ne, kuma sai Windows ya tashi yake aiki. Shi kuwa iDRAC 'yar kwamfuta ce daban a cikin sabar, da nata layin sadarwa. Muddin akwai wuta a jiki, za ka iya kunna na'urar ko kashe ta daga nesa.

Namu allon nesan, wato tagar iDRAC da ke nuna allon sabar daga nesa, ya daina buɗewa, sai wani fayil na Java yake saukowa ya tsaya. Injiniyan ya juyo da laftof ɗinsa ya ce, "Alhaji, duba nan. Tun Java 11 aka cire abin da ke buɗe irin wannan fayil. Manhajar cikin iDRAC ɗin ce ta tsufa." Ya sabunta ta, ya mayar da allon kan HTML5, ya buɗe a burauza kai tsaye. Ya kuma koya mini umarnin racadm racreset, wanda ke sake tayar da iDRAC ba tare da an taɓa sabar ba, masu sayar da magani suna ta aikinsu.

Inda suka fi burge ni shi ne maganar wuta. Bayan kowace ɗaukewar wuta mai tsawo, agogon sabar kan rikice, burauza ta ƙi amincewa da takardar shaidar tsaro. Ashe batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu. Ta kiran bidiyo suka nuna wa yaron kanti a Jos inda yake, ya canza shi. Suka kuma saita BIOS, manhajar da ke tayar da na'urar, yadda sabar za ta tashi da kanta da an dawo da wuta.

Wanda ya haɗa mana sabar tun farko ya bar kalmar sirrin da ta zo da ita, root da calvin, wadda kowa ya sani. Sun canza ta, sun rufe ƙofar da ke buɗe ga intanet, yanzu sai ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro, ake shiga. Wannan kaɗai ya isa kuɗin da na biya.

Aibinsu biyu ne. Ba sa rubuta abin da suka yi sai ka matsa, kuma ga mai sabar wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gobe wani ne zai ɗora. Sannan amsar WhatsApp ɗinsu tana da nawa. Idan abin na gaggawa ne, kira ya fi. Ka je da lambar jikin sabar da hoton saƙon da ta nuna maka, kuma ku daidaita kan farashi kafin su fara.