Wata uku ina tuƙa F-35 a kwamfuta

Gardama ce ta sa na sayi wannan manhaja. Ni da ƙanina mun daɗe muna kai ruwa rana a kan F-35, jirgin yaƙin Amurka da aka ƙera don ya ɓuya wa rada, wato na'urar hango jirage daga nesa. Shi cewa yake ɓarnar dukiya ce tsagwaronta, ni kuma ina kare jirgin, ba don na san wani abin kirki a kansa ba, sai don kada a ce yaro ya ƙure ni. Da abin ya ishe ni, sai na nemi manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi mai ɗauke da F-35A (samfurin F-35 na sojan sama) da F-16, wani jirgin yaƙin Amurka da ya girme shi, na haɗa da sandar tuƙi da tabaraun nan mai rufe ido ruf. Ga abin da na gani cikin wata uku.

Makon farko kam sai faɗuwa. Tashi ba wuya, sauka ce ta ba ni ruwa. Amma tun a daren farko ɗakin matuƙin ya burge ni: babu tarin agogunan da ke cikin tsofaffin jirage, allo ne ɗaya faffaɗa da ake taɓawa da yatsa, sauran bayanai kuma a gilashin hular kwano suke fitowa. Na sunkuyar da kai zan dubi gwiwoyina, sai ga kogi yana wucewa a ƙarƙashina, kamar jirgin ba shi da ƙasa. Sai da na riƙe kujera. A jirgin gaske kyamarori shida ne a jikinsa ke aiko wa hular wannan hoto, kuma hular kaɗai takan kai dala 400,000. A nan masu manhajar sun yi aiki, ban rage musu komai ba.

Da hannuna ya faɗa, sai muka kara da ƙanin nawa ta intanet, ni a F-35, shi a F-16. Tun yana can nesa na gan shi ɗigo a allona, shi kuwa radarsa ba ta nuna masa komai. Na saki makami mai linzami, na juya abina. Sai ga muryarsa: "Haba Yaya, wannan ai ba faɗa ba ne, kwanton ɓauna ne!" Na ce to, abin da aka biya kuɗin a kansa ke nan. Ya ce in na isa mu fara gab da gab, ido na ganin ido. Sau biyar a jere yana zagayowa bayana, ni kuwa duk kwanar da na sha sai in ji jirgin ya yi nauyi, gudu ya zube. Abin bai saɓa wa tarihi ba. A 2015 rahoton wani matuƙin gwaji ya fito yana cewa F-35 ya sha wuya a hannun F-16 a irin wannan kokawa, sai kuma a atisayen Red Flag na 2017 a Nevada sojan saman Amurka suka ce F-35 ya kakkaɓo jirage kusan ashirin kafin a kakkaɓo ɗaya nasa. Kowannenmu ya samu abin kafa hujja.

Inda na fi jin haushin manhajar shi ne inda gardamar take da nama. Jirginta kullum a shirye yake. Ka ragargaza shi, ka danna maɓalli, ga sabo fil, tanki cike. Ba bakanike, ba jiran kayan gyara, ba gyaran fentin da ke ɓoye shi daga rada. Alhali hukumar GAO, mai bin diddigin kashe kuɗin gwamnatin Amurka, ta ce a watan Maris na 2023 kusan kashi 55 cikin ɗari na lokaci ne kawai jiragen ke cikin shirin fita aiki. A 2024 kuma ta ba da rahoton cewa shirin mallakar F-35 gaba ɗaya zai lashe sama da dala tiriliyan 2, mafi yawa a kula da jiragen, ba a sayensu ba. A lokacin, F-35A ɗaya wajen dala miliyan 80 ne, amma kowace awa ɗaya a sama ta haura dala 30,000. Kamar doki ne, ba kuɗin sayensa ke karya mutum ba, harawa ce. Wanda ya tsaya a manhajar nan ba zai taɓa jin wannan a jikinsa ba, gani zai yi duk mai sukar jirgin ɗan hassada ne.

Akwai kuma batun ɓuyar kanta. Ainihin yadda jirgin ke bayyana a rada sirrin soja ne, don haka nisan da na riƙa yi wa ƙanina kwanton ɓauna kintace ne na masu manhajar. Ban gaya masa wannan ba tukuna.

Sauran ƙorafin ƙanana ne: manhajar tana cin ƙarfin kwamfuta sosai, tabaraun kuma in na wuce minti arba'in sai jiri ya ɗebe ni. Mai son sanin dalilin da ya sa matuƙa ke yabon jirgin nan, ya saya, ba zai yi da-na-sani ba, amma kada ya gwada ta da madannan kwamfuta kaɗai, sai da sanda. Mai neman a raba masa gardamar kuɗi kuwa, ba nan ba ne. Ƙanina har yau yana kan bakansa, sai dai yanzu in za mu kara, shi ke riga ni zaɓar F-35.