Bangon Falo Mai Ɗaukar Ido: Takarda, Fenti ko Jere?

Uwargida, in kina son falo cike da ado, launi kan launi, kada ki fara da kujeru. Ki fara da bango, shi ya fi wuyar sauyawa in bai yi ba.

Takardar bango ta fi sauri: wuni guda an manna, falo ya koma kamar fada. Ƙaramin naɗi faɗinsa santimita 53, tsawonsa mita 10, yana rufe kusan murabba'in mita 5. In zanen manyan furanni ne, sai an haɗa fure da fure, a yanke saura a zubar, don haka ki ƙara naɗi ɗaya ko biyu a kan lissafinki. Ki duba lambar bugu da ke jikin kowane naɗi ta zama ɗaya, launi kan saɓa tsakanin bugu da bugu. Danshi ne ajalin takardar bango. Bangon da ke tsotsar ruwa daga ƙasa, kafin damina ta fita takardar ta ɗaga, fumfuna ta yi baƙi a bayanta. A gidan haya kuwa, ki shirya jin ta bakin mai gida ranar tashi.

Fenti ya fi araha, ya fi haƙuri. Sai dai shuɗin baba, ja wur ko kore shar ba sa rufa wa bango asiri, duk tudu da kwari sai sun fito. A gyara shi ya yi sumul tukuna, a shafa sau biyu ko uku. Ki ɗauki mai ɗan sheƙi da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Na ruwa mai araha, hannun yaro ɗaya ya gama da shi.

Ni dai jere na fi so, a kan fenti launi guda. Iyayenmu da ke jera samira da tasoshi har kusa da rufi sun san daɗin cikar ɗaki tun da daɗewa. Faifai masu launi da sassaƙaƙƙiyar ƙwarya daga Kasuwar Kurmi, tiren tagulla na Bida, zane rinin Ƙofar Mata a rataye: ana saye kaɗan-kaɗan, ranar ƙaura kuma a kwashe a tafi da su. Wahalarsa ƙurar hunturu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsumma ba ya barin hannu. Tangaran da duk abin da ke fashewa su shiga kabad mai gilashi.

Labule ya zo daga baya. In za ki Kantin Kwari, ki riƙe guntun takardar ko ɗan kwalin da aka shafa wa fentin, ki fito da yadin bakin shago ki gwada su a hasken rana, don fitilar cikin shago na sauya launi.