Aikin sare koko mai ciwon kumburi: yana da amfani, amma sai maƙwabci ya yarda

Ga 'yan'uwa na zangunan Kumasi masu gonar koko ko masu riƙon ta wani, ga yadda aikin sara da sake dashe na COCOBOD, hukumar koko ta Ghana, yake. Ciwon kumburin reshe ba shi da magani. Wani farin ƙwaro mai kama da gari ne ke ɗaukarsa daga bishiya zuwa bishiya, tururuwa na yi masa gadi. Alamarsa jan jijiya a sabon ganye, reshe ya kumbura, 'ya'ya su ƙanƙance.

Ma'aikata kan sare mai ciwon har da na kewaye da ita, su kashe kututturen kada ya toho. Sai a dasa ingantaccen iri, mita 3 tsakani, wajen 1,100 a hekta, da agade don inuwa. Wannan ɓangaren ba laifi.

Inda ake samun cikas wajen mutane ne. Bishiya kan ɗauki ciwon ta daɗe ba ta nuna ba, to wa zai yarda a sare masa mai 'ya'ya? Tun 1946 aka fara saran, tun lokacin kuma manoma ke turjewa. Mai riƙon gonar wani a tsarin abusa, wanda kashi ɗaya cikin uku na amfanin gonar ne rabonsa, yana iya ɓoye alamar, don sai ya jira wajen shekara 3 kafin sabon dashe ya haihu. Idan diyyar bishiyoyin da aka sare ta yi jinkiri, ƙauye duka kan ja baya. Gona guda da aka bari a tsakiya kuwa ta isa ta mayar da ciwon cikin sabon dashen.

Kafin ka sa hannu, ka tambayi malamin gona ko maƙwabtanka ma za a sare nasu.