Gwajin sukari kafin karin kumallo ko HbA1c?

Gwajin kafin karin kumallo yana buƙatar awa 8 ba a ci komai ba, ruwa kawai. In sakamako ya kai 126 mg/dL, kuma aka maimaita ya sake kaiwa, ciwon sukari ne. Matsalarsa, in jinin ya daɗe a kwalba ba a raba ruwansa da ƙwayoyinsa ba, ƙwayoyin jini sukan cinye sukarin, adadin ya sauka.

HbA1c kuwa, wani gwajin jini ne na sukari, ba ruwansa da abin da aka ci da safe. Yana nuna matsakaicin sukarin wata 2 zuwa 3, in ya kai 6.5% ciwon sukari ne. Sai dai sukarin da ya manne a jajayen ƙwayoyin jini yake aunawa, masu rayuwar kusan kwana 120. Ga mai sikila, wanda ƙwayoyinsa ba sa kai wa haka, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, sakamakon yakan yaudari likita, don haka gwajin kafin karin kumallo ya fi aminci a wurinsu.