Ƙoshiya, allura ko kwarashi: abin da za ki saya kafin ki fara saƙar faifan zare

A Gusau da wuya ki shiga unguwa ki rasa mai riƙe kwarashi. Hular jarirai, safa, rigar sanyi, mayafin kujera, duk matanmu sun iya, 'yan mata kuma na tashi suna koya a hannun yayyensu. Amma akwai wata saƙa da hotunanta ke yawo a waya, mata na tura wa juna suna tambayar wace lambar kwarashi ce ta fitar da ita: ɗan faifan zare zagayayye, jikinsa duk ƙananan zobba ne masu 'yan kunnuwa a baki, ana shimfiɗa shi a kan tebur ko a cikin kabet ƙarƙashin tangaram. Ba kwarashi ne ya yi shi ba. Sunan aikin tatin, ya bazu a Turai tun farkon ƙarni na 19, kuma ƙulli ne zalla. Ana jera tagwayen ƙulli a kan zare guda da ke ratsa cikinsu, in an gama sai a ja wannan zaren na ciki, ƙullin su tattaru su zama zobe, kamar yadda ake jan mazagin wando. Ki riƙe wannan a ranki, domin duk abin da za ki saya, tambayarsa ɗaya ce: zai bar zaren ciki ya zame ko zai riƙe shi?

Kafin ki fitar da ko sisi, ki tambayi kanki me kike nema. In faifan da za ki gama cikin kwana biyu ki kai gidan biki ki sayar kike so, ki zauna a kan kwarashinki. Da siririn kwarashi na ƙarfe da zaren auduga za ki fitar da faifai mai kyau, ya fi sauri nesa ba kusa ba, in kin yi kuskure ki ja zare ya warware. Tatin ba haka yake ba. Yana cin lokaci, kuma zoben da kika riga kika rufe ba ya buɗuwa sai da tsinin allura da haƙuri mai yawa. Abin da yake ba ki a madadin haka shi ne ƙarko da tsabtar zane. Ko zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba ya warwarewa, faifan kuma yana tsayawa da ƙarfinsa ko ba a sa masa sitaci ba. Abin ajiyewa ne a ɗaki, abin sa wa 'ya a cikin kayan jere.

In kin ce tatin ɗin kike so, hanya biyu ce a gabanki: allura ko ƙoshiya, 'yar ƙarama mai kama da ta masaƙa.

Allurar tatin doguwa ce, bakinta ba kaifi, kaurinta ɗaya daga sama har ƙasa, har da wurin kafar. Nan ne mata da yawa ke asarar kuɗi, domin sai su sayi basilla ko babbar allurar ɗinki su ce ai duk allura ce. Kafar basilla ta fi jikinta faɗi, ƙullin da kika jera ba za su wuce ta ba. Ta gaskiyar tana da lamba: 5 tana tafiya da zare mai lamba 10, 7 kuma da mai lamba 20 ko 30. Koyonta da sauƙi. A yini ɗaya mace za ta rufe zobenta na farko, kuma wadda yatsunta ke ciwo ko suka yi tauri ta fi jin daɗinta. Sai dai da yake a jikin allura ake ɗaura ƙullin, ramin da ke cikinsu ya fi zaren faɗi, don haka aikin kan fito da ɗan sako-sako da kauri. A ɗan kunne ko adon bakin gyale ba a cika lura ba. A faifai mai faɗin tafin hannu biyu kuwa, za ki ga baki na lanƙwashewa, sai an taimaka masa da sitaci.

Ni ƙoshiya nake ba da shawara ga duk wadda faifai ne burinta. Ƙarama ce, tsawonta bai wuce na yatsa ba, faffaɗa a tsakiya, mai tsini a kai biyu, zaren yana naɗe a cikinta. Wahalarta wuri ɗaya take: juya ƙulli. Da zaren ƙoshiya kike ɗaurawa, amma dole ki saki yatsan hagu ki miƙar da zaren dama, ƙullin ya tsallaka ya koma kan ɗaya zaren. In bai tsallaka ba, zobe ba zai rufu ba ko ki ja da dukkan ƙarfinki. Wasu kan yi kwanaki a nan suna jin kamar su jefar da abin. Ranar da hannu ya gane kuwa, shi ke nan, ba ya mantawa, kuma ƙullin da ke fita daga ƙoshiya a matse suke, sumul, irin waɗanda allura ba ta iya kaiwa.

Ita ma ƙoshiyar iri-iri ce. Akwai mai ginshiƙi a tsakiya, wadda ake naɗa zare kai tsaye a jikinta. Ta roba ta kamfanin Clover na Japan ita ce aka fi sani, mara nauyi, da ɗan tsini a kai ɗaya na warware kuskure. Akwai mai bobin irin na keken ɗinki, wanda ake cirewa a naɗa a mayar, irin su Aero da Aerlit da Pony ta Indiya, kuma yawanci suna da ɗan ƙugiya a kai na haɗa zobe da zobe. Mai bobin tana da daɗin naɗi, za ki iya cika bobin uku ki ajiye. Amma in ta tsufa bobin ya kan saki, ya riƙa juyawa da kansa yana zubo zare, ƙugiyar kuma tana yawan kama zaren sabuwar hannu a tsakiyar aiki. Ta ƙarfe ta fi nauyi, tana gajiyar da yatsu, kuma in bakinta na da ɗan kaushi sai ya riƙa cin zare. Ga mai farawa, ta roba mai ginshiƙi ta wadatar, ita ce kuma mafi arha. Ki sayi biyu, launi daban-daban, domin nan gaba za ki haɗu da zanen da ke buƙatar ƙoshiya biyu a lokaci ɗaya.

In ta zo hannunki, ga yadda za ki gwada ta. Ki kalli tsinin biyu a haske: leɓɓan sama da na ƙasa su haɗu, kada ki hango rata. Ki ratsa zare ta tsakaninsu, ya kamata ki ji ɗan ƙas! kowane zagaye. Sannan ki naɗa kaɗan, ki riƙe bakin zaren ki saki ƙoshiyar ta yi lilo. Ta ƙwarai za ta tsaya cak a rataye. Wadda ta warware ta faɗi ƙasa, bakinta ya buɗe, ki mayar. Kuma ko ta ƙwarai ce kada ki cika ta har zare ya fito waje da gefenta, domin hakan ne ke buɗe bakin, zaren da ya leƙo kuma shi ke kwashe dattin hannu.

Samunta ba lallai ya zo da sauƙi a nan ba. In za ki zaga rumfunan kayan teloli a kasuwar Tudun Wada, ko ki ba wani sautu zuwa Sabon Gari ta Kano, ki haɗa da hoto a waya, in ba haka ba gidan bobin na keken ɗinki za a miƙo miki. Masu sayarwa ta intanet suna kawowa, sai dai ki haɗa kai da ƙawaye biyu ko uku ku yi oda tare don kuɗin aike kada ya fi kuɗin kaya. Kafin ta iso ba sai kin zauna jira ba. Ki samu tsohon katin roba mai ƙwari, ki yanke shi faffaɗa a tsakiya mai tsini a kai biyu, ki tsaga ɗan baki a kowane kai, ki goge gefen ya yi santsi, ki naɗa zare. Ba zai yi saurin ta kanti ba, amma zai koya miki juya ƙulli, ya kuma nuna miki ko aikin ya kwanta miki a rai kafin ki kashe kuɗi.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe jaka da gaske: zare. Ƙoshiya mai arha da zare mai kyau za su ba ki faifan da za ki yi alfahari da shi. Ƙoshiya mai tsada da mugun zare kuwa ba abin da za su ba ki sai ɓacin rai.

Mai rumfa zai ɗauko miki ulu ya ce, "Hajiya, wanga shi mata ka saye." Gaskiya ya faɗa, amma don kwarashi suke saye. Ulu gashi gare shi, yana miƙewa, ƙulli na kama gashin, zobe ya tsaya a rabin hanya. Zaren ɗinkin hula mai sili shida da ake rabawa shi ma bai dace ba, silin na tarwatsewa, 'yan kunnuwan su fito a barbaje. Mai sheƙin siliki ya cika santsi, ƙulli ba ya zama. Har zarenmu na gida da ake kaɗawa da mazari, duk da Zamfara ƙasar auduga ce kuma ina ƙaunar ganin arafiyar da tsofaffinmu ke fitarwa, bai yi wa wannan aiki ba, domin wani wurin kauri wani wurin siriri, kuma daidai siririn wurin yake tsinkewa in an zo jan zobe.

Abin da kike nema zaren auduga ne mai murɗi sosai, sumul, mara gashi, wanda aka gyara da soda mai ƙarfi, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, shi ya gano wannan dabara a 1844, daga baya aka ƙara da miƙar da zaren a lokacin gyaran don ya yi sheƙi. Zaren da aka yi wa haka ya fi ƙarfi, ya fi shan rini, kuma a jikin takardarsa za ki ga an rubuta mercerised. A cikinsu mafi kyau shi ne mai igiya shida, wato an murɗa biyu-biyu sau uku sannan aka haɗe su. Cordonnet na kamfanin DMC na Faransa haka yake, haka ma Lizbeth. Cébélia na DMC mai igiya uku ne, ya ɗan fi taushi, amma yana aiki lafiya. Na Anchor da ake yi don kwarashi shi ma ba laifi. Wanda ake kira perle, mai lamba 5 da 8 da 12, igiya biyu ne kawai, ya fi kowanne laushi. Yana da kyau a ido, sai dai faifan ba ya tsayawa kuma yana saurin tsinkewa in kin warware kuskure sau biyu a wuri ɗaya.

Lambar zare a juye take: in lamba ta hau, zare ya sirance. Mai lamba 10 kauri gare shi, kina ganin kowane ƙulli da idonki, shi ne na koyo. Mai lamba 20 shi ne na faifan yau da kullum. Daga 40 zuwa 80 aikin gwanaye ne da masu ƙarfin ido, ki bar su tukuna. Kuma kada girman dunƙule ya ruɗe ki, wasu kwali ne ya cika cikinsu. Ki duba nauyi da tsawo a takarda. Dunƙulen Lizbeth mai lamba 20, alal misali, giram 25 ne, yadi 210, ya ishe ki ƙaramin faifai har da saura. Da wannan lissafin za ki kwatanta farashi, tunda kayan waje kuɗinsu na bin dala, abin da aka faɗa miki wancan watan ba shi ne na yau ba. In babban faifai za ki yi, ki sayi duk abin da kike buƙata rana ɗaya, ki tabbatar lambar rinin da ke jikin takardun iri ɗaya ce, domin fari ma ba duka yake ɗaya ba.

Yawancin zaren da ke rumfunanmu ba shi da cikakkiyar takarda, kuma ba duka ne marasa kyau ba. Ki roƙi mai rumfa ya yanko miki ɗan taƙi. Ki ja shi tsakanin farcen babban yatsa da manuni sau biyar ko shida. In ya tashi gashi, ki ajiye. Ki murza shi baya ki ƙirga igiyoyin. In kin koma gida ki kusanta shi da ashana: auduga na ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Mai launi, musamman ja da shuɗi mai duhu, ki jiƙa shi ki matse a cikin farin ƙyalle ki ga ko zai zuba. Gara ki gane tun yana taƙi ɗaya da ki gane bayan kin yi wata kina saƙa.

Maganar launi, kowa fari yake fara so, kuma fari na da kyau. Amma ki tuna inda muke. Ƙurar hunturu, zufar bazara, man shafawa, hayaƙin turaren wuta, duk a jikin farin zare suke sauka tun kafin ki gama zagaye na uku. Mai ruwan madara ya fi jurewa. Don koyo kuma, ki sayi launi biyu masu haske da suka bambanta, ɗaya a ƙoshiya ɗaya a dunƙule. Da ido za ki ga ko ƙulli ya juya, domin launin da ya fito a sama zai gaya miki. Baƙi da mai duhu ki bar su sai hannu ya faɗa, ba a ganin ƙulli a cikinsu, balle da dare da hasken fitilar caji.

Sauran kayan kaɗan ne. Siririn kwarashi na ƙarfe, wajen milimita 0.6 zuwa 0.75, na jawo zare ta cikin 'yan kunnuwa in za a haɗa. Wataƙila ma kina da shi. Ƙaramin almakashi mai tsinin baki wanda ba a yanka komai da shi sai zare. Allurar ɗinki ta ɓoye bakin zare. Gwangwani mai murfi ko jaka mai zif da aikin zai riƙa kwana a ciki. Sai fil na shanya faifai bayan wanki, inda za ki shimfiɗa shi a kan soso ko kwali mai farin ƙyalle ki kafe kowane kunne har ya bushe. A nan kada ki yi rowa: ki nemi fil wanda ba ya tsatsa, ki gwada guda a jiƙaƙƙen ƙyalle ya kwana, domin tabon tsatsa a farin zare da wuya yake fita. Sitaci in za ki sa, ki sa tsararo, kuma kada ki sa wa wanda za ki adana a akwati, ƙwari na bin sa.

Littafin zane ba sai kin saya ba. Tsofaffin zane-zane suna nan kyauta a intanet, kuma yawancin na zamani hoto ne da lambobi, ba ruwansu da yaren da kike ji. In kin ga zobe an rubuta 3-3-3-3 a jikinsa, ana nufin tagwayen ƙulli uku, kunne, uku, kunne, uku, kunne, uku, sai ki ja ki rufe. Ki nemi zanen da bai wuce zagaye biyu ko uku ba, mai zobe da sarƙa kawai (sarƙa ita ce jeren ƙullin da ba a rufe shi ya zama zobe ba), wanda aka ce ƙoshiya ɗaya da dunƙule sun ishe shi, ki fara da shi a kan zare mai lamba 10.